Ƙafa Ana Ɗori, Kai Ba A Yi

Pontarian, Oktoba 1934

Ɗana Ithel,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka da ban san sunanta ba, da yara in Allah ya ba ku. Ni ce Leisa, matar marigayi Gomer Beynon. In ka manta ni ba laifinka ba ne. Kakarka da uban mijina ciki ɗaya suka fito, kuma sau ɗaya na taɓa ganinka, ran da aka binne Gomer. Ka zo da takalmin da ya yi maka yawa, ka shanye mana romon rago. Ni lafiya lau, sai gwiwa, sai kuma barci da ya yi mini yaji.

Ban yi makaranta ba, ka sani. Maƙwabciyata Gwenno ce ke riƙe da alƙalami. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Maganar jikana ce, Tegid. Ubansa rufin ramin kwal ne ya faɗo masa, uwar ba ta shekara ba ta bi shi. Shi ke nan abin da ya rage mini a duniya. Yanzu shi ma yana shiga ramin, kuma gidan nan da nake zaune na kamfani ne, da sunansa aka ba mu. Dogo ne kamar Gomer, ƙofa sai ya sunkuya. Tsayin nan ne ya ja mini, suka sa shi a wasan zari-ruga na gari.

Kai ɗan arewa ne, ban san ko ka taɓa gani ba. Ƙarti su haɗa kai ƙasa suna turereniya kamar raguna, ɗaya ya zari ƙwallon ya ruga, sauran su bi shi su kayar. A wasan da aka yi da mutanen ƙauyen gaba, gwiwar wani ta same shi a gefen kai. Na ji ƙarar daga inda nake tsaye. Ya kwanta bai motsa ba. Hopkin Soso ya rugo da bokitinsa ya matse masa ruwan sanyi a ƙeya, aka ɗaga shi aka mai da shi ciki, don wai in mutum ya fita ba a sa wani a madadinsa. Ya ci musu wasan, suka ɗauko shi a kafaɗa suna waƙar coci har ƙofata. Ina zuba masa ruwan wanka a gaban murhu sai ya ɗago ya ce, "Kaka, ƙarfe nawa za a fara wasan?"

(Ni Gwenno mai rubutu ina cewa: Hopkin mijina ne, kuma duk yaran haka suke yi in an ɗan taɓa su. Washegari garau. Inna Leisa ko tsawa aka yi sai ta shiga ƙarƙashin tebur.)

Na ga ta ƙara wani abu, na ce ta karanta mini, ta karanta. Bar shi, gaskiya ce, ni matsoraciya ce.

Yanzu wai masu zaɓen 'yan wasan ƙasa za su zo daga Cardiff su duba shi, wai zai sa jar riga. Manajan kamfani da kansa ya tsai da shi a hanya ya ba shi hannu. Ni kuwa ba na so. An ce mini ku can ƙwallo da ƙafa kuke yi, hannu ma ba a sawa. Na ga yara na yi a bayan layi da ƙunshin tsumma, ban taɓa ganin an ɗauko kowa ba. Ƙafa in ta karye ana ɗori. Don Allah ka kira shi wajenka ko na lokacin sanyin nan ne.

Ga labarin garinmu. Ɗan gidan Penri ya faɗi a bakin rami yana kumfa. Ka san mai faɗuwa ba a bari ya sauka cikin rami, kada ya ja wa wasu. An sallame shi, an karɓe gidan, yanzu suna raɓe wajen surukai. Na faɗa maka ne kawai. Ka karanta wurin nan da kyau.

Gwaggonka,
Leisa

*

Moelgarn, Oktoba 1934

Gwaggo Leisa,

Gaisuwa da girmamawa. Muna lafiya, ni da Nesta matata. Yara mata uku Allah ya ba mu, duk sun yi aure. Ban manta ki ba, romon nan kuwa har yau ban sha irinsa ba. Takalmin na aro ne.

Da na karanta takardarki sai da na kai ta rumfar da muke cin abincin rana a wurin fasa dutse na karanta wa mutane. Na ce ku ji, yau ga mutumin kudu ɗaya da Allah ya buɗe wa ido, kuma mace ce! Gwaggo, an yi miki tafi. Shekara da shekaru 'yan kudu suna cika mana kunne wai zari-ruga ne wasan Wales. Wace Wales? Ƙwallon da ko zagaye bai iya ba, kamar ƙwan agwagwa, 'ya'yan masu kuɗin Ingila suka kawo shi daga makarantunsu. Mu nan duk ƙauyen da ke da coci yana da raga. Ki gaya wa mijin mai rubutunki ya zo da sosonsa in koya masa.

Ki turo yaron. Ina neman hannu a wurin aiki, kuma ni ke horar da 'yan wasan garinmu. Ɗakin 'yan matan nan ba kowa a ciki.

Allah ya kyauta wa mutanen gidan Penri. Irin wannan ko nan ana yi.

Ɗanki,
Ithel

*

Pontarian, Nuwamba 1934

Ɗana Ithel,

Gaisuwa gare ka da Nesta. Na gode, Allah ya saka. Gwiwar tana nan yadda take.

Na sa shi a jirgin ƙasa jiya. Na ɗauka za a yi rigima, na shirya kuka, na shirya rantsuwa da kabarin ubansa. Da Gwenno ta gama karanta mana takardarka sai ya kalli wuta, ya ce, "To, Kaka." Shi ke nan. Yaron da ke kwana da ƙwallo a gefen filo. Wannan "to" ɗin ta fi komai ba ni tsoro.

Manaja ya ce zai riƙe masa aikinsa da gidan har bayan sabuwar shekara, tunda taimakon dangi zai je. Ba don Allah ya yi ba, yana son ya dawo masa fili ne. Amma garin nan, hmm. Mai nama ya ba ni ƙashi ya ce, "Ga shi, Inna, kai wa 'yan arewa, tunda tsokar ma kin ba su." Ran Lahadi a coci benci guda na zauna ni kaɗai kamar mai ƙyanda. Hopkin ya tsaya a bakin katanga ya ce, "Kin ɗauki zaki kin kai shi rawa da 'yan mata." Na ce gara mai rawa da wanda aka rera wa waƙar binnewa.

(Gwenno: bai ce zaki ba, doki ya ce. Kuma ka gaya wa mutanenka mu da ƙwan agwagwar muka sha kunyata Ingila, ku me kuka taɓa ci ban da dutse?)

Ku bar gardamar nan ku ji ni. Ithel, ga abin da nake roƙo. Kada ka sa shi aiki a sama inda ake rataya da igiya. Kada ya zauna dab da murhu. In zai yi wanka, ƙofa ta zama a buɗe. In ka ga ya ƙura wa waje ɗaya ido ka yi masa magana bai amsa ba, ka matsa kusa da shi. Kada ka tambaye ni dalili. Ka ce sakarcin tsohuwa ne. Akwai maganar da ba ta bin alƙalamin wani.

Ba ya cin albasa ɗanya. Na sa masa burodi mai zabibi a jaka, rabi na Nesta ne in bai cinye a hanya ba.

Gwaggonka,
Leisa

*

Moelgarn, Disamba 1934

Gwaggo,

Gaisuwa, kuma ki yafe mini shirun da na yi. Ruwa ake ta yi, aiki ya yi yawa. Muna lafiya. Burodin bai iso ba, sai takardar da aka naɗe shi a ciki.

Ki kwantar da hankalinki, ɗan lelenki yana nan ƙalau. Nesta ta yi dariyar dokokinki har da hawaye, ta ce ko jariri ba a yi masa haka. Na sa shi a sama sati guda kawai, yanzu yana ƙasa yana lodi.

Amma Gwaggo, me kika aiko mini haka! Da farko ƙafarsa kamar ta saniya, in ƙwallo ya zo sai ya kai hannu, yara na ihu, "Ɗan kudu, ajiye, ba jaririnka ba ne!" Sai na duba tsayin nan na ce ka koma baya ka tsare mana gida. Duk ƙwallon da ya taso ta sama, nasa ne. Ya yi tsalle ya fi kowa, ya sa goshi ya mai da shi har tsakiyar fili. Ki tuna fatar ƙwallon nan in ta sha ruwa nauyinta ya kai na dutsen da muke fasawa, wasu kaucewa suke yi. Shi ko gezau. Kullum bayan aiki ina rataya masa ƙwallo a igiya yana ta duka da ka har duhu ya yi. Yakan ce kansa na sarawa, na ce kowa haka ya fara.

Asabar ɗin nan muke da wasan kofi, kuma mutanen Wrexham, masu zaɓen 'yan wasan ƙasa, za su zo su gan shi. Jar rigar da kika hana shi a kudu, wallahi zai sa ta a arewa. Ki gaya wa Hopkin ya ci kansa.

Ɗanki,
Ithel

*

TANGARAHO. PONTARIAN ZUWA MOELGARN. JUMA'A.

ITHEL KADA TEGID YA BUGA GOBE. YANA FARFAƊIYA TUN DA AKA BUGE SHI A KA. DUKA ƊAYA ZAI KASHE SHI. KA CIRE SHI DON ALLAH. LEISA.

*

Pontarian, Juma'a

Ithel,

Ba ni da bakin gaisuwa yau, ka yi haƙuri. Mis Olwen ta gidan waya ce ke rubuta mini wannan, ta sa ni a kujera a bayan teburinta.

Da ka? Da ka kuke bugawa? Ba wanda ya taɓa gaya mini! Ni da na ɗauke shi daga inda ake buge shi bisa kuskure, na kai shi inda ake rataya masa abin a igiya ya yi ta kai kansa da kansa. Wayyo ni Leisa. Da hannuna na ɗaure masa jaka.

Ga maganar da na kasa faɗa. Sau uku ya faɗi a gabana tun ranar nan. Na farko a bakin murhu, saura kaɗan hannunsa ya shiga wuta. Jikinsa ya sandare, idanu suka juye, yana ta bugun ƙasa da dunduniya, na danne shi da jikina ina toshe bakina kada maƙwabta su ji. Da ya farfaɗo bai san an yi ba, sai ya ga ya jiƙa wandonsa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kaka, in kika faɗa wa wani, kin kashe ni." Na yi masa alkawari. Kuma duk takardar da zan aika sai ta bi ta kunnen matar Hopkin. Shi ya sa na ba ka labarin ɗan gidan Penri, na ce ka karanta da kyau. Na ɗauka mai ilimi yana jin abin da ba a faɗa ba.

Takardarka yau da safe ta zo. Gwenno na karantawa tana tsaki saboda zagin mijinta, ni kuwa daga wajen goshin nan ban ƙara jin komai ba. Na fito ko mayafi babu. Na san takarda ba za ta riga Asabar isa ba.

Yau ranar karɓar fansho ce, gidan waya cike. Hopkin na nan, magatakardan manaja na nan yana sayen kan sarki. Na matsa jikin tagar na yi raɗa. Mis Olwen ta ce, "Ɗaga murya, Inna, ba na ji, kuma in na rubuta ba daidai ba haka zai tafi." Na sake, ba ta ji ba. Na waiga na ga kowa ya kasa kunne. Na duba agogon bango, ban iya karanta shi ba amma na ga yana tafiya. Sai na faɗa da ƙarfi, yadda ake kiran yaro daga ƙarshen layi. Farfaɗiya. Na faɗa har sau biyu.

Magatakardan ya ninke takardarsa ya fita, ko canji bai tsaya karɓa ba. Hopkin ya cire hula, ya mai da, ya sake cirewa. Ya ce, "Ai ya tashi, Inna. Da idonki kin ga ya tashi ya ci wasa."

Na karya alkawari, na kashe masa aiki, na san gidan ma ya tafi. Ba wannan ne ke cin raina ba. Mis Olwen ta ce daga tashar ku sai wani ya hau keke ya kai maka saƙon, kuma ta ce ana ruwa a arewa. In mai keken ya fake fa? In kana wajen aiki? In ka karanta ka ce sakarcin tsohuwa ne, tunda ni na koya maka faɗin haka? In Tegid ya ce ƙarya nake yi, zai faɗa, ya iya kallon mutum ido cikin ido. Ka duba harshensa, gefen hagu, za ka ga inda ya tauna.

Wannan takardar za ta same ka bayan komai ya wuce. Ban san wa nake yi wa magana ba, mai riƙe da jikana ko mai riƙe da gawarsa. Ka amsa mini ko da kalma ɗaya ce.

Leisa

(Olwen Prydderch: na rubuta yadda ta faɗa. Ta ƙi shan shayi. Don Allah a amsa da wuri.)

*

Moelgarn, Lahadi

Gwaggo,

Yana da rai. Bai buga ba. Na sa wannan a farko don mai karanta miki ya fara da shi.

Saƙon ya same ni Juma'a da yamma ina shafa wa takalmansa kitse. Na kira shi na karanta masa. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ka san Kaka, ko kyanwa ta yi atishawa sai ta kira fasto." Wallahi na kusa yarda, don ina son in yarda. Nesta ce ta shiga ɗaki ta fito da rigar filonsa da ta jiƙa a bokiti. Ta ce wannan ce ta biyu da ta samu da jini, ta ɗauka haƙori ne. Na ce buɗe bakinka. Ya ƙi. Shi ke nan na sani.

Asabar na cire sunansa. Ba zan gaya miki abin da na ji a filin nan ba. "Ithel, ka sayar da mu!" "Ka ɓoye ɗan kudu kai kaɗai za ka ci?" Mutanen Wrexham suka tsaya cikin ruwa da lemarsu, suka tafi tun ba a tashi ba. An ci mu uku, duka ta sama, daidai inda da yana tsaye. Yana zaune a benci yana kallo.

A hanyar gida ya faɗi. Ba wanda ya taɓa shi. Na riƙe kansa a cinyata cikin taɓo, ina tuna igiyar nan da na rataya da hannuna, da satin da na sa shi a saman dutse. Da na dawo na ɗauko takardarki ta farko na sake karanta wajen ɗan gidan Penri. A fili kika faɗa, Gwaggo. Ni ina can ina neman abin da zan kai rumfa a yi wa 'yan kudu dariya.

Likita ya zo. Ya ce ba zari-ruga, ba ƙwallon ƙafa, ba rami, ba hawa sama, har abada. Ya ba da magani, ya ce da shi mutum na iya tsufa. Zan nema masa wajen zama a rumfar tsaga dutse, a zaune ake yi.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba. Na ce ya rubuta miki ko layi ɗaya, ya ce ba shi da abin faɗa wa wadda ta yi shelarsa a gidan waya. Ya juya fuska bango. Ko sunanki ba ya so a kira.

In sun karɓi gidan, ki taho. Akwai gado, kuma Nesta ta ce tana bin ki rabin burodi.

Ɗanki,
Ithel

*

Pontarian, Disamba 1934

Ɗana Ithel,

Gaisuwa gare ka da Nesta, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku abin da ba ku roƙa ba. Na sa an karanta mini layin farkon nan har Gwenno ta ce muryarta ta dushe. Na yi barci ranar, irin wanda na manta da shi.

Eh, Gwenno ce ke rubutu. Da kanta ta shigo da alƙalaminta, ta zauna, ta ce, "Inna, bangon da ke tsakaninmu bulo ɗaya ne. Duk faɗuwar da ya yi na ji. Na ji dunduniyarsa, na ji kukanki." Na ce to me ya hana ki magana? Ta ce, "Ke me ya hana ki? Da kin faɗa tun takardar farko da na rubuta, na haɗiye, ko Hopkin ba zai ji ba." Muka zauna muna kallon juna kamar shanu biyu.

(Gwenno: ita ce saniyar. Ni na yi ta jira ne ta yarda da ni.)

Takardar kamfani ta zo, ƙarshen wata zan fita. Ban taɓa shiga jirgi ba, Ithel. Ban taɓa wuce gadar ƙasan kwari ba. An ce sai an sauka an canja har sau biyu, kuma ni ba na karanta allon tasha. Gwenno za ta rubuta sunan garinku ta maƙala mini a riga kamar buhun dankali. Ka tsaya inda zan gan ka, ka sa hula mai haske, don fuskarka ta ɓace mini, takalmin kawai nake tunawa.

Gardamarku kuwa tana nan, ba ta mutu ba. Jiya bayan coci na ji su a bakin ƙofa. Hopkin na cewa ƙwallon 'yan arewa ne ya ƙarasa yaron, a nan ai tashi ya yi. Na san ku ma can kuna cewa a lalace aka kawo muku shi daga kudu. Kowa na wanke ƙwallonsa da kan jikana. Wani ya hango ni ya ce, "Inna Leisa, ke da kika ɗanɗana duka biyu, wanne ne na Wales?" Na ce ban sani ba, ku tambayi wanda bai haifa ba.

Maganar Tegid. Kada ka matsa masa, kada Nesta ta yi masa wa'azi. Kada ku ce ya zo ya tarye ni a tasha. In na iso ya ga dama ya tashi ya bar mini ɗakin, in na dafa ya ture kwanon. Na binne miji, na binne ɗa, na binne suruka, dukansu ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya tun ranar, kuma na san yadda wannan shirun yake. Ka bar shi ya yi fushinsa, Ithel. Mai rai ne ke fushi.

Gwaggonka,
Leisa